Gorar da Ja'afar Ya Sara

Rana ta yi ja a bayan fadama, Maryamu tana kwashe tuwon shinkafa, mijinta Ja'afar yana alwala a bakin zaure, sai dutse ya faɗo tsakar gida. Ba su gama waiwayawa ba na biyu ya fasa randa. Ja'afar ya leƙa bayan danga. Babu kowa, ko akuya.

A ƙauyensu, gab da Argungu, duk mai son tsaikon rufin ɗaki ko sandar tuƙa jirgi, wurin Ja'afar yake zuwa. Ya saro gora, ya gasa ta a wuta ta miƙe, ya fere, ya ɗaure. Da hannun nan nasa yake ci da gidansa. A bana gora ta yi wuya, shi ya sa ya shiga wani kurmi a bakin gulbi wanda tun kakanni ba a taɓawa. Tsofaffi sun hana shi, ya ce itace itace ne. Da gorar da ya saro a can ya rufa ɗakin ɗiyarsa Hanifa, mai shekara goma sha biyar.

Tun daga ranar, kowace magariba sai an yi jifa. Idan jifan ya tsaya, sai gorar rufin ta shiga kuka siriri, irin na jinjirin da ya gaji. A rana ta shida aka tarar da Hanifa zaune a ƙasa, tana jijjiga zani a cinyarta, tana rarrashi da muryar wata tsohuwa. Da uwarta ta taɓa ta, ta hankaɗe ta har bakin ƙofa.

Ja'afar ya hau kabu-kabu zuwa Birnin Kebbi, ya zo da Malam Hodi, wani dattijo siriri da ya daɗe yana fama da mutanen ɓoye. Sun iso ana shirin kiran sallar magariba. Malam ya dubi rufin, ya daɗe yana dubawa, sannan ya zauna ya fara karatu a hankali. Gidan ya yi tsit, har kaji suka daina motsi.

Hanifa ta ɗago kai. Idanun nata ne, kallon ba nata ba.

"Wa ke nan?" in ji Malam. "Mi yarinyag ga tai miki?"

"Ba ta yi min komi ba. Ubanta na," in ji muryar. "Ɗana na kwance cikin gaɓar gorar da yas sare. Yag gasa shi ga wuta, yana waƙa. Ina tsaye ina kallo."

Ja'afar ya dubi rufin. Ya tuna gora ɗaya da ta yi ƙara a kan wuta, har ya yi dariya a lokacin.

"Bai sani ba," in ji Malam. "Ki ji tsoron Allah. Za a kwance rufin, a maida miki gorarki."

"A maido min ɗana da ita?" Ta juyo ga Ja'afar. "Kai, mai adda. Zaɓi guda: hannun da yar riƙe addar ya shanye, ko ɗiyarka ta bi ni."

Maryamu ta kama rigar mijinta. "Maigida, ka ce hannun! Don Allah ka ce!"

Ja'afar ya buɗe baki. Sai idonsa ya sauka kan hannunsa na dama, mai kanta, mai tabon wuta. Ya tuna rumbu, ya tuna damina. Ba wai ya zaɓa ba ne. Shiru kawai ya yi, kuma shirun ya ɗan daɗe.

Malam Hodi ya ɗaga murya da karatu, ya tofa a ruwa ya watsa mata. "Ba ki samun ko ɗaya! Gorarki kaɗai, gobe da hantsi. Fita!"

Jikin yarinyar ya sandare. Muryar ta yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Na yarda, Malam. Na samu abin da nika so."

Hanifa ta yi atishawa sau uku, ta zube.

Washegari aka kwance rufin, aka kai gorar bakin gulbi, aka jingine ta inda aka saro ta. Jifa bai sake faɗowa gidan ba. Da Ja'afar ya dawo, ya tarar Hanifa zaune a inuwa tana shan kunu. Zuciyarsa ta yi sanyi. Ya durƙusa, ya miƙa hannu zai shafa kanta.

Ta kauce.

"Hanifa, ni na. Babanki."

"Na san ka," ta ce, da muryarta ta kullum, ba ta ko ɗago ba. "Jiya ina ciki, Baba. Ba barci nike ba. Ina jiran ka yi magana."