Littafin Kaka a Kan Igiyar Shanya

"Malam, taimaka! Ruwa ya cinye shi!"

Da gudu ta faɗo shagon, rungume da tawul yana ɗigar ruwa. Mai ɗinkin littattafai ya ajiye allura ya buɗe tawul ɗin, sai ya yi tsaye cak. Tarihin yaƙin 'yancin ƙasa ne, bugun farko, wanda aka buga a ɓoye tun bindiga ba ta yi shiru ba. Labarinsa kawai yake ji, yau ga shi a hannunsa.

"Bututu ne ya fashe a ɗakin Kaka," ta ce tana haki. "Hotonsa na ciki, shi da abokan yaƙinsa. Kullum sai ya buɗe ya gaishe su. Har na ɗauko dutsen guga..."

"Dutsen guga!" Ya dafe ƙirji. "Baiwar Allah, kashe ni kika zo yi?"

Dariya ta kufce mata cikin hawaye. Sai a lokacin ya dube ta sosai, ya manta abin da zai ce.

Daga ranar ya laƙaba mata Dutsen Guga, ita kuma ta sa masa Likita.

"Likita, yaya mara lafiyarmu?" ta turo masa saƙo a waya.

"Yana samun sauƙi. Likitan ne dai ya kamu, kuma maganin yana gidanku."

Baba, mahaifinta, ya ji zancen soyayyarsu ya haɗe rai. Ɗan amininsa yake so mata, wani mai kantin wayoyi, wanda har ya kawo wa Kaka sabon bugun littafin mai sheƙi. Kaka ya duba bai ga hoton ba, ya ture shi gefe.

Mai kantin ne ya leƙa shagon, ya garzayo da labari: "Baba, mai ɗinkin ya yayyaga littafin nan kaca-kaca!"

Suka isa ita da Baba. Ga bangon littafin can gefe, ga shafuka jere a kan igiya kamar wanki, fanka na kaɗa su.

"Ka kashe shi," ta ce wa Likita.

"Wanda ya kasa riƙe amanar takarda zan ba 'yata?" in ji Baba, ya ja hannunta suka fice.

Saƙon Likita ya biyo ta: "Dutsen Guga, sai an warware ɗinki kowane shafi yake shan iska, in ba haka ba ruɓewa zai yi. Ki ba ni lokaci."

Ta karanta ta kife wayar. Kaka kuwa ya daina cin abincin kirki, kullum yana kallon gurbin littafin a kantar ɗakinsa.

Rannan sai ga sallama. Likita ya durƙusa gaban Kaka ya miƙa masa littafin da hannu biyu. Tsohon bangon ne, ɗinkin ne kawai sabo. Kaka ya buɗe, sai ga samari a jere, kowa da bindiga a kafaɗa, murmushi har kunne.

"Sannunku, maza," ya ce a hankali. Ya share ido ya juya ga Baba. "Wanda ya yi haƙuri da takardar da ta girme shi, zai riƙe mace. Ka ba shi ita."

Baba ya sunkuyar da kai gaban mahaifinsa. "An gama, Baba."

Kafin Likita ya kai ƙofa wayarsa ta yi ƙara, saƙonta ne: "Na tuba. Akwai wata zuciya da ta yage, kana karɓar gyara?"

"Kawo ta. Ita ba zan maido ba."

Ranar ɗaurin aure gidan ya cika. Kaka ya dafa kawunansu, littafin na kan cinyarsa. "Allah ya ɗinke ku ɗinkin da ba ya warwarewa."

Ba a gama amin ba wata baƙuwar tsohuwa ta ratso mutane, tana dogara sanda. Ta tsaya gaban Kaka, idonta a kan littafin.

"Ashe yana wurinka," ta ce. "Na mijina ne, aro ka karɓa. Na zo ɗauka."