Damisa Ta Ɗora Hannu a Ka

Da magariba aka aiki Mushtak ɗakin ajiyar filin wasan kurket ya ɗauko rigar damisa. Gobe ƙanin matarsa zai shiga cikinta ya yi wa 'yan kallo rawa. Yanzu duk kulob ɗin da ya san kansa a yankin Panjab sai da dabbarsa mai nishaɗantar da 'yan kallo.

"Kai kaɗai, malam?" in ji maigadi, yana kurɓar shayi. "To, ka gaida min Baba Shabbir."

"Allah ya shirye ka."

Baba Shabbir ne ke shiga rigar a da, Mushtak ke rakiyarsa. A ƙa'idar sana'ar, damisa ba ta magana, ba ta cire kai a gaban jama'a. In zafi ya ci ƙarfin na ciki, sai ya ɗora hannu biyu a ka, ɗan rakiya ya janye shi. A wasan ƙarshe na bara Baba ya ɗora. Jama'a suka ɗauka salo ne, tafi ya ɓarke, kyamara ta juyo. Mushtak ya ce a ransa, bari a ɗan ƙara. Kafin a cire kan, Baba ya cika. Likita ya ce ciwon zuciya ne, kowa kuma ya ji daɗin bayanin.

Mushtak bai yarda da fatalwa ba. Ya dai kunna duk fitilun ɗakin.

Warin gumi. Sabo.

Damisar na zaune kan akwati, alhali a rataye ya bar ta. Ƙaramar fankar cikin kanta na juyawa, fir-fir-fir. Da hannunsa ya cire batirin tun bara.

Ƙofa ta rufe a bayansa.

Hannuwan soso suka ɗaga a hankali. Suka sauka a ka.

"Baba," ya raɗa, "na gani. Ran nan ma na gani."

Damisa ba ta magana.

Ɗakin ya ɗau zafi kamar tanda. Numfashinsa ya soma yankewa. Ya lallaɓa, ya kama kan, ya ɗaga.

Ba kowa. Sai huci, dogo, na wanda ya daɗe yana jira.

Ƙofar ta saki. Da rarrafe ya fita.

Washegari ya hana ƙanin matarsa aikin, matar ta daina yi masa magana har aka gama gasar. Shi ke shiga rigar yanzu. In an tambaye shi yaya cikin yake, sai ya ce ba laifi, matsi ne kawai, don ba ta mutum biyu aka ɗinka ba.