Kunnuwan Shanun Banki

Ranar Litinin da hantsi manajan ƙaramin bankin manoma na Unguwar Ɗinya ya shigo caji ofis ya ce an yi musu sata. Sunansa Muhammadu Sani. Sufeto Usaini ya tura masa kujera, ya jawo takarda.

Ba kuɗi aka ɗauka ba. Kuɗi a shekarar ko a bankin babu su. Tun da aka canza takardun naira mutane ke wuni a layi su koma gida hannu rabbana. Akwatin ƙarfe aka ɗauke, mai ɗauke da fayil ɗin inshorar shanu da kunnuwa goma sha huɗu.

"Kunnuwan me?"

"Na shanu, ranka ya daɗe."

Manaja ya yi bayani. Banki na ba manomi bashin shanun huɗa biyu, ya riƙe takardar gonarsa jingina. Kowane sa ana maƙala masa lamba a kunne, a yi masa inshora. In ya mutu a yanke kunnen da lambarsa, a barbaɗe da gishiri a adana, kamfani ya biya, bashin manomi ya faɗi. Amma da sharaɗi: sai in san ya mutu da kansa. In mai shi ya sa masa wuƙa, kamfani ba ya biyan ko sisi, don kada mutum ya yanka lafiyayyen sa ya ci nama ya zo ya karɓi kuɗi.

Wanda ake zargi kuwa tuni 'yan sintiri suka kawo shi, yana bayan kanta. Wani manomi ne, Nababa, wanda ranar Juma'a ya ɗaga murya a banki da aka gaya masa za a sayar da gonarsa. Manaja ya roƙi a gaggauta, domin jibi masu binciken bankuna za su zo daga birni.

Sufeto ya hau babur ya je bankin. Ɗaki biyu ne da sito. Ƙofar waje lafiyarta ƙalau, kwaɗon sito kaɗai aka fasa. Kusa da inda akwatin yake, buhunan takin zamani uku na jingine da bango, ko ɗinkinsu ba a taɓa ba. Ya daɗe yana kallonsu. Damina ta ƙarato, buhu ɗaya ya fi ƙarfin gida guda, amma ɓarawo ya tsallake su ya ɗauki busassun kunnuwa. Ya koma caji ofis.

Nababa dattijo ne siriri, yana zaune a ƙasa ya miƙe ƙafafu. Ba ya kuka, ba ya roƙo. Ya ce bai taɓa akwatin kowa ba. Gonar ce ta gado, kadada ɗaya da 'yan kai, ita ke ci da mutum tara. Sansa kuma, in ji shi, mutuwa ya yi da kansa, ciwon huhu ne, don haka zalunci ne a hana shi kuɗin inshora.

"Allah ya mayar da alheri, Baba. A ina ka binne shi?"

Nababa ya dubi bango. Sufeto bai sake tambaya ba. Ya gyara zama. Can dattijon ya shafa fuska.

"Yanka shi na yi. Yana kwance yana shure-shure, in tsaya ina kallo ya zama mushe? Wuƙa tana ƙugu?"

Ya ce a ranar ya gaya wa manaja gaskiya, manaja ya ce to babu biya, amma ya kawo kunnen a ajiye don ƙa'ida. Ya kai. Tun daga nan kowa ke ce masa gaskiyarsa ce ta ci shi, shi ya sa yau ya gwada ƙarya, ita ma bai iya ta ba.

Washegari Sufeto ya nemi Sarkin Pawa, ya same shi a gindin ɗorawa yana wasa wuƙa, teburinsa babu ko ƙashi. Ya tsokani Sufeto cewa in cin hanci ya zo nema, sai dai ya tafi da ƙudaje. Da aka zo kan shanun banki masu jar lamba a kunne, sai ya shiga lissafa su da sunayen masu su, kamar yana kiran 'ya'yansa. Tun bara da ciwon ya shigo, goma sha huɗu ne suka faɗi. Duk shi ya feɗe su. An yi watandar naman bashi, har yau wasu ba su biya ba.

"Babu ko ɗaya da ya mutu ba a yanka ba?"

Sarkin Pawa ya ajiye wuƙar. "Sufeto, a garin nan? Kaza in ta fara gyangyaɗi mace ke rugawa neman mai yanka. Balle sa, a wannan shekara da yara suka manta ɗanɗanon romo."

Ranar Laraba mai bincike ta iso, mace ce mai gilashi, Malama Safara'u, daga hukumar da ke sa ido kan ƙananan bankuna. Sufeto ya tare ta a bakin hanya kafin ta shiga banki. A cikin mota ta buɗe masa takardun da ta karɓo daga kamfanin inshora. Ta ce abin da ya kawo ta lissafi ne da ya yi kyau fiye da kima. A bankunan wajen Ɗambatta da Shanono, cikin shanu goma da suka faɗi, tara yankawa aka yi, kamfani bai biya ba. A Unguwar Ɗinya kaɗai goma sha huɗu suka mutu da kansu, duka aka biya. Amma a littafin banki bashin manoman goma sha huɗu yana nan daram.

Sufeto ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Ga sunan Nababa a ta tara. A ƙasan kowacce an rubuta cewa an binne gawar a gaban manaja, ga sa hannunsa.

Suka shiga tare. Sufeto ya gaida Muhammadu Sani cikin ladabi, ya ce tun da kunnuwa sun ɓace, ƙasusuwa za su wadatar. Ya taimaka ya kai su inda aka binne ko da guda ɗaya ne.

Manaja ya ce ba matsala. Suka fita da ƙafa, rana tsaka. A wannan yanki babu daji, gona ke bin gona, iyaka layin gamba ne kawai, kuma kowace kunya da mai ita. Mutane na sharar gona, suka ɗago suna kallonsu. Manaja ya yi tafiya mai nisa, sannan ya nuna gindin wani gawo. Mai gonar ya matso da fartanya a kafaɗa, ya ce shekara arba'in yana noma wurin, ko kare ba a binne masa ba bai sani ba, amma in ana so a haƙa ga fartanya. Manaja ya ce ya yi kuskure, can gaba ne. Can gaban ma wata tsohuwa mai tsintar kara ta ce gonar ɗanta ce, su tambayi kowa.

A wuri na uku bai nuna komai ba. Ya tsaya, ya cire hula, ya zauna a kan kunya.

Ya yi magana a hankali, kamar mai karanta wasiƙar wani. Manyan gari sun ci bashi sun ƙi biya, shi kuma ba shi da bakin tambayarsu. Doka ta ce in rubabben bashi ya wuce iyaka a ƙwace lasisin banki. Sai ya riƙa rubuta mushe a madadin yanka, kuɗin inshora ya shigo, ya zuba su a ramin manyan don rahoto ya fita fes. Manoman kuwa ya bar musu bashinsu. Da ya ji za a zo bincike ya fasa kwaɗon da kansa don kada a ga fayil ɗin, akwatin yana ƙarƙashin rumbu a gidansa.

"Nababa fa?"

"Shi ya yi hayaniya a gaban mutane. Sunansa ne ya fi kusa."

Aka ɗauko akwatin, aka wuce caji ofis. Sufeto da kansa ya buɗe wa Nababa. Dattijon ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara bakin zaninsa, ya tambayi gonarsa. Malama Safara'u ba ta ɓoye masa ba. Kamfani zai nemi kuɗinsa, tun da yankawa aka yi, bashi yana nan. Amma an dakatar da bankin, babu mai ikon sayar da gonar kowa sai an gama shari'a, kuma hakan zai kai shekara, ko fiye.

"To bana in shuka?"

"Ka shuka, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko da ya bar san ya mutu da yanzu ba a bin sa komai. Ta ce haka ne.

"Ɗayan san ma in ya faɗi gobe, yanka shi zan yi."

Wani kofur ya sa wa Muhammadu Sani ankwa, ya shiga da shi ɗakin da Nababa ya fito, ya ja ƙofa.