Dodon Dajin Dingaya

"Rufaida! Zo nan!"

Daga jin muryar Baba na san yau akwai magana. Na saki ludayin miya, na fito tsakar gida.

Baba na zaune a tabarma, ya riƙe waya nesa da fuskarsa kamar wanda aka miƙa wa kunama. Ya Hadi, ɗan ƙaninsa, yana tsaye a gefe hannu a baya, wai shi mai ladabi. Daga cikin wayar wani gurnani ke fitowa, haɗe da ƙarar karyewar rassa.

Nan take na gane shi. Dodon Abdulbaƙi ne.

"Wannan ita ce sana'ar yaron da kike so?" Baba ya tambaya.

"Baba, wasan waya ne kawai..."

"Aljanu yake zanawa, Baba," Ya Hadi ya tari numfashina. "Duk samarin tasha sun zuba shi a wayoyinsu."

Kai, Ya Hadi! Sau biyu yana turo min wasiƙa ina mayar masa, shi ne ya biyo ta nan.

Baba ya ajiye wayar. Shekara talatin Baba, wato Malam Sanda, yana koyarwa a Islamiyyarsa a Birnin Kudu, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, yau ma bai ɗaga ba.

"Ba zan ba mai zana abu mai rai 'yata ba. Ki ce masa ya zo Juma'a bayan la'asar, in ji daga bakinsa."

Na shige ɗaki na faɗa katifa, sai hawaye.

Ni fa, wallahi, dodon nan ne ya fara sa na kalli Abdulbaƙi sau biyu. A wajen koyon kwamfuta muka haɗu, shi ke koya mana, kullum daga Gwaram yake zuwa a kan mashin. Ran nan ya nuna mana wasan da ya yi shekara biyu yana haɗawa. Mai wasa zai shiga daji neman hanyar gida, ba a ganin komai nasa sai hannu da makamin da ya zaɓa. Can tsakiyar dajin sai ƙasa ta tsage, abin ya taso.

Gangar jikinsa kututturen kuka ne. Hannayensa sarƙaƙiya, gashinsa kauci, ƙafafunsa saiwoyi masu rarrafe. Ba ido, ba baki, ta ƙasa yake jin takunka. A ƙirjinsa kuma ƙananan tsirrai ne cike da fure.

'Yan ajinmu suka yi ta ihu. Ni kuwa baki na saki ina kallon ɓawon kukar nan, har da tsagar da ake yi masa in an ɓare shi don igiya. Ashe da ƙafarsa ya yi ta shiga dajin Dingaya, ƙauyensu, yana ɗaukar hoton itatuwa ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina, mutumin da zai yi wa ɓawon itace wannan haƙurin, ina ga matarsa?

Na lalubo wayata na kira shi.

"Hasken idona, lafiya na ji muryarki haka?"

Na kwashe komai na faɗa masa.

"Ka goge shi, don Allah! Ka ce ba kai ka yi ba!"

"Rufaida, in Malam ya ce in goge, a gabansa zan goge, ko da zan yi kuka. Amma ba zan shiga gidanku da ƙarya a bakina ba."

"To in ya hana ka ni fa?"

"Ki yi mana addu'a, 'yar Malam."

Haushi ya kama ni na kashe wayar. Minti biyu ban yi ba na ji son shi ya ƙaru. Ni kam na shiga uku da wannan bawan Allah!

Ranar Juma'a ni da Inna muka laɓe bayan ƙofar zaure. Inna tana cewa ba kyau laɓe, amma kunnenta ya riga nawa isa jikin ƙyauren.

Abdulbaƙi ya durƙusa ya gaida Baba. Ya Hadi na gefe, ya sha sabuwar shadda kamar shi ne angon.

"Kai ka zana wannan?"

"Ni ne, Malam."

"Ka san abin da aka ce game da zanen mai rai?"

"Na sani, Malam. Shi ya sa kafin in fara na tambayi malaminmu a Gwaram, ya ce zanen itatuwa babu laifi. Babu komai a jikinsa da ba tsiro ba. Ko fuska ban yi masa ba."

"Amma yana motsi, yana gurnani."

"Ƙarar reshe ce in iska ta murɗa shi, a daji na ɗauko ta. In kuma Malam ya ga akwai laifi, yanzu zan goge."

Na leƙa ta kafar ƙyaure. Baba ya sa tabarau, ya jawo wayar Abdulbaƙi kusa.

"Yaya ake kashe shi?"

"Kawo in nuna maka, Baba!" Ya Hadi ya karɓe wayar da rawar jiki.

Ya zaɓi takobi, ya hau sara. Duk inda ya sara sai fure ya zube, inda ya zube kuma sai sababbin tsirrai su fito. Kafin ka ce me, sarƙaƙiya ta nannaɗe shi. Ya sake, wannan karon da wuta. Dodon ya ƙone ƙurmus, sai ga shi ya tofo daga ƙasa ya fi da girma.

"Ka gani ko, Baba? Ba ya mutuwa! Sihiri ne!"

Baba bai kula shi ba. Shi fa duk damina a gonarsa ta Unguwar Ya yake wuni, abin da ke ƙasa ba a yi masa bayaninsa.

"Tsaya... wannan na ƙirjinsa ba ƙuduji ba ne?"

"Shi ne, Malam. Shi ya cinye mana dawa shekara uku a jere, ina kallon mahaifina yana zagaya gona ba abin da zai iya."

"To ai Hadi wauta kake. Wa ke saran ƙuduji bayan ya yi fure? Iri kake watsa masa! Tuge shi ake da hannu tun yana ƙarami, a bi gurbin da taki. Akwai taki a ciki?"

"Akwai, Malam. Cikin buhun nan na gefe."

"Danna min!"

Baba na faɗa, Abdulbaƙi na dannawa. "Wancan! Yi maza kafin ya buɗe! Zuba taki!" Inna ta toshe baki da gyale. Dodon ya yi laushi a hankali, ya durƙusa, ya koma bishiyar kuka mai inuwa, hanya ta buɗe a bayansa.

Baba ya daɗe yana kallo.

"Duk samarin tasha, ka ce?"

"E, Baba," Ya Hadi ya amsa da ƙyar.

"Kuma ba mai wucewa sai ya koyi tuge ƙuduji." Ya gyaɗa kai. Sai kuma ya haɗe rai. "Amma akwai ƙarya a ciki. Wa ya taɓa ganin ƙudujin dawa da shuɗin fure? Ruwan hoda yake. Kai ɗan manomi ne kuwa?"

Ni ce! Ni na nace masa ya mayar da shi shuɗi, kalar gyalen da na sa ranar da ya fara zuwa zance.

Abdulbaƙi ya sunkuyar da kai.

"Na san ruwan hoda ne, Malam. Da hannuna na canza. Laifina ne."

"Me ya sa?"

Abdulbaƙi ya ƙura wa tabarma ido.

"Na ce me ya sa?"

Bai ce uffan ba, gumi na bin wuyansa. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.

"Ni ce na sa shi, Baba!"

Inna ta mintsine ni har sai da na yi tsalle.

Sai muka ji Baba yana dariya, dariya sosai, har da tari.

"Wato ka gwammace in ce ba ka san gona ba, da ka ambaci sunanta a gabana?"

"Malam..."

"Hadi, tashi ka ba mu wuri."

Ya Hadi ya fita ko sallama babu. Baba ya miƙa wa Abdulbaƙi wayarsa.

"Kada ka goge komai. Furen ma bar shi, tunda mai shi ta amsa laifinta. Ka ce da mahaifinka ina jiran shi ranar Asabar, ya taho da 'yan'uwansa."

Na zame a bayan ƙyauren na rungume Inna, ina kuka ina dariya.

"Ke kuma mai laɓe," in ji Baba daga cikin zaure, "baƙonki tun daga Gwaram yake, ko ruwa ba za ki kawo masa ba?"

Na tashi da gudu. Rabin ruwan a hanya ya zube, amma Abdulbaƙi ya karɓa da hannu biyu ya shanye tas.