Buzuzun Cikin Dutse

A can wani zamani, wani mai haƙar rijiya ya tono dutse mai launin zuma, garau kamar ruwa. A cikinsa ga ɗan buzuzu kore shar mai ƙaho uku, irin wanda ba a taɓa gani ba.

Ya kai wa mahaifiyarsa. Tsohuwar ta ɗaga dutsen a hasken rana, ta ce, "Ɗan nan, danƙon itace ne ya rufe shi har ya zama dutse, tun kafin kakannin kakanninmu. Danginsa duk sun ƙare. Ka duba da ido, kada ka taɓa."

Ya ce, "To, Inna."

Ya duba da safe, ya duba da yamma, amma hannunsa na ta ƙaiƙayi. Sai ya ɗauko guduma, wai sau ɗaya kawai zai riƙe shi a tafinsa. Ƙwas! Dutsen ya tarwatse, buzuzun ya marmashe.

Da yaran gari suka zo kallo, sai ya zana musu shi a ƙasa. Suka ce, "Baba, ai wannan buzuzun kashin shanu ne!"

Ya share, ya sake zanawa. Har ya tsufa yana sharewa.