Jirgin Fiton Okumba

"Kowa shi kwanta! Kai, tsoho, huska ƙasa!"

Jafar ne ya daka tsawar, da bindiga a hannunsa. Kowan da yake nufi mutum ɗaya ne tak: Alhaji Malami, dillalin shanu na unguwar Gidan Dare. Alhaji ya dubi bindigar, ya ajiye kwanon furarsa, ya rufe shi da faifai don ƙuda, sannan ya kwanta a hankali saboda ciwon gwiwa. Gwiwar ce ma ta hana shi zuwa Juma'a, kuma ita suka dogara da ita, don mazan unguwa duk suna masallaci.

Su uku ne. Gazali yana waje a mota, inji na kunne. Jafar mahauci ne daga Unguwar Rogo, kasuwa ta mutu masa, yau ne aikinsa na farko kuma ya rantse shi ne na ƙarshe. Ogansu Amiru ne, wanda ya kafa doka tun a hanya: a naɗe fuska da rawani, ba kiran suna, ba dogon zance.

Shirin gudu ma na Amiru ne. A shiga tirelar shanu a yi kudu, har wani ɗan gari na bakin teku da ake kira Okumba. Daga can jirgin fito ya tsallakar da su wata ƙasa, ba mai tambayar kowa daga ina. Wayyo, Okumba! Duk mai shan shayi a Tudun Wada ya haddace garin nan daga bakin Amiru ba da son ransa ba. Turawan da suka kafa shi don gishiri da manja, tsohuwar igwa mai kallon ruwa, hasumiyar fitila, farin yashi, kwakwa a banza, ƙaguwa kamar faranti. Jafar bai damu da ƙaguwa ba. Shi dai ya fita gidan nan da ransa, ya ga ruwa ya raba shi da 'yan sanda. Ya riga ya gaya wa tsohuwarsa, Inna Ashatu, cewa aikin tsire ya samu a can.

"Ina jakkar kuɗi?" in ji Jafar.

"Ƙarƙashin kujera," in ji Alhaji. "Ku bi a hankali, ƙahwarta guda ta karye."

Jafar ya fizgo jakar, ya fita da gudu, ya wurga ta bayan mota.

"Ina oga?" in ji Gazali. "Kai, mu ware!"

"Shina tahe!"

Bai taho ba. Jafar ya koma ya same shi tsaye ƙiƙam gaban wani tsohon hoto a bango: shanu, mutane, ruwa, da ƙaton jirgi a bayansu.

"Wagga Okumba ta," in ji Amiru.

"Ita ta," in ji Alhaji daga ƙasa. "Can nika kai shanu da ƙuruciya."

A ƙuryar ɗaki, Hajiya Zuwaira, matar Alhaji, ta shige bayan labule da waya a kunne. A can ofishin 'yan sanda, Sufeto Jinaidu yana cire takalmi zai yi alwala sai ya mayar da shi. "Ku tashi! Gidan Dare — da bindigogi!"

"Oga," Jafar ya rage murya, "mu tahi."

"Tsaya. Alhaji, jirgin har yanzu da hantsi shika tashi?"

"Wane jirgi?"

"Na hito mana!"

"Haba, yaro. Ai gada anka yi tun ban yi hurhura ba. Jirgin na nan bisa yashi ya yi tsatsa, mata ka shanya kihi kansa. Gadar ko, shingen soja gaba, shingen soja baya."

Jafar ya juya ya dubi Amiru.

"Ƙarya kaka yi!" Amiru ya buga ƙafa. "Igwa hwa?"

"An ɗauke."

"Hasumiya?"

"Teku ya cinye."

"Kasuwar kihi ta ƙarƙashin kwakwa?"

"Gidan mai na yanzu." Alhaji ya ɗan ɗago kai. "Amiru ɗan Siddiƙu, kai na ko? Duk Sakkwato mutum biyu nis sani da wanga zance, guda ya riga mu gidan gaskiya."

Jafar ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa.

"Ubanka shi ka kora min shanu zuwa can," Alhaji ya ci gaba, kamar mai hira a ƙofar gida. "Kana ɗan mitsitsi zazzaɓi yak kashe shi Okumba, can munka binne shi. Duba hagu. Mai riƙe da igiya, shi na."

Amiru ya sauke rawanin da kansa. Ya matsa har numfashinsa na dusashe gilashin. Mutumin cikin hoton siriri ne, yana dariya, haƙori ɗaya babu.

"Ban taɓa ganin hotonsa ba," ya ce.

"Oga." Jafar ya matso kusa da shi. "Kai ba ka taɓa zuwa Okumba ba?"

"Baba ya gaya mini komi."

"Yaushe?"

"Ina zuwa dai. Ai yanzu za mu."

Jafar ya so ya harbe shi, wallahi ya so. Ya kuma ji tausayinsa har ƙirjinsa na zafi, bai san wanne zai fara ba.

Jiniya! Daga nesa, sannan kusa. A waje taya ta yi ƙara — Gazali ya ja mota, da jaka da komai, ko waiwaye babu!

"Ya tahi da ita! Shege ya tahi!"

Amiru bai ji ba. Yana fama da ƙusa. Ya ciro hoton, ya danna shi a hammata, ya ɗauki bindiga da ɗaya hannun.

"Alhaji, ka yi haƙuri da wanga."

"Aje ƙarhen ka zamna, ɗan Siddiƙu. In ba ka shi kyauta."

Bai zauna ba. Ya nufi zaure.

"Kai! Tsaya nan! Jefar da abin hannunka!" 'yan sanda suka daka tsawa daga ƙofar gida.

Wa ya san wanne ya ɗauka ana nufi? Ya ƙara ƙanƙame hoton, ya ɗaga ɗaya hannun — tau! tau! Gilashi ya tarwatse a ƙofar gida. Jafar ya yi bayan gida, ya kama katanga, ya haye, ya dira — ƙas! Ƙafa ta tafi. Yana kwance cikin kwata masu dawowa daga masallaci suka kewaye shi, da dardumarsu a kafaɗa. Sufeto Jinaidu ne ya ƙwace shi da ƙyar.

Gazali bai yi nisa ba. Kafin ya bar gari ya shige ƙarƙashin wata tirelar shanu mai shirin tafiya kudu. Shanun ba abin da ya same su. An mayar wa Alhaji jakarsa. Hoton ne ya ce ba ya so, a sa shi cikin kayan mamacin a kai wa danginsa. An binne Amiru a Sakkwato, inda ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne gulbin bayan gari da damina.

Jafar yana gidan yari, yana ɗingishi, zai daɗe. Inna Ashatu takan kai masa dambu idan ta samu. Kowa a Unguwar Rogo ya san inda yake, amma idan baƙuwa ta tambaya, Inna takan gyara mayafi ta ce yana Okumba, bakin teku, wurin aikin tsire.

"Gari mai kyau," takan ce. "Har jirgin hito gare su."