Rishon da Ya Ƙi Tukunyar Inna

Haula na tsugune gaban murhu tana hura wuta, hayaƙi ya cika tsakar gida, Inna Lalla, uwar mijinta, sai tari take kamar ƙirjinta zai tsage. A nan saƙon muryar Muktari ya shigo daga Abijan. Wayyo Haula! Damina nawa rabonta da ganin mijin nan, muryarsa kawai take sawa a kunne ta yi ta maimaitawa.

"Haulata, tunda an ja mana wutar kuran, ki bi Yaya Rahinatu butik ki zaɓi rishon lantarki mai kyau. Hayaƙin nan ya isa. Ina nan tahe kafin Sallah."

Washegari suka hau kabu-kabu zuwa kasuwar Tawa. Mai butik, wato mai shagon, ya ajiye musu iri biyu. Ɗaya baƙin gilashi ne sumul, sai sheƙi yake. Ɗayan kuwa mai naɗaɗɗen ƙarfe ne da ke yin ja in ya ɗau zafi, ko fasali babu.

"Mai gilashin nan akwai sauri, ga shi ba ya cin kuran," in ji mai butik. "Amma fa yana da zaɓe. Sai tukunyar da maganaɗisu ke kamawa. Ta dalma ko kallonta ba ya yi."

Rahinatu, yayar Muktari, ko saurare ba ta yi ba, tana can tana ɗaukar gilashin hoto. Haula kuwa sai ta tuna da uwar mijinta. Inna na da tukunyar dalma da ta zo da ita tun daga Bambeye, kuma a gidansu, duk ɗan da ya dawo daga bida, wato ci-rani, tuwon farko uwarsa ce ke tuƙa masa da hannunta, a tukunyarta. Tsohuwar kullum sai ta wanke ta, ta kife, tana jiran ranar.

"Wanga na ƙarfen nike so, Yaya," Haula ta ce a hankali.

"Mi?! Ke dai ƙauyanci ba ya barin ki! Ƙanena na can yana shan wahala don a san ya yi arziki, ki kwaso mana wannan tarkacen?"

Haula dai ta biya kuɗin na ƙarfen ta ɗauka. Ta san in ta faɗi dalili, Rahinatu za ta kai wa Inna cewa tsohuwar tukunyarta ce ta hana gida ci gaba, Inna kuma za ta ɗauke ta ta ɓoye don kunya, ta haƙura da tuwon ɗanta.

Kafin su iso gida ƙara ta riga ta kai Abijan. Muktari ya kira, murya a daƙile.

"Ashe abin da na isa a wurinki ke nan, Haula? Na ce mai kyau, kin zaɓi na masu shayi?"

"Ka yi haƙuri, in ka zo za ka gani."

Ƙit, ya kashe. Daga ranar saƙonni suka ɗauke. Ta aika gaisuwa, shiru. Ta ce tana kewarsa, shiru. Sai ta koma sauraren tsofaffin saƙonninsa tana share hawaye da gefen mayafi. Wallahi son miji na nesa ciwo ne, balle in ya yi fushi. Ta rame, har Inna ta fara tambayar ko masassara ce.

Ranar da ya sauka, gida ya cika da dangi. Haula ta kawo masa ruwa, ya karɓa ko ɗago kai bai yi ba. Ya buɗe kwali ya fito da rishon gilashi da ya sayo can, Rahinatu ta rangaɗa guɗa.

"Inna, zo ki yi mini tuwona a kan na zamani!" in ji Muktari.

Inna ta ɗauko tukunyarta da murna, ta zuba ruwa, ta ɗora. Risho ya ce tit! tit! ya mutu. Aka sake dannawa, tit! tit! Ruwa ko ɗumi bai yi ba. Wani ƙanen Muktari ya duba kwalin ya ce ai irin wannan ba ya karɓar dalma.

Inna ta sauke tukunyar, ta rungume ta a ƙirji, ta nufi murhun itace kanta a ƙasa.

"Ba komi, ɗana. Ni da ita duk mun tsuhwa."

Haula ta miƙe, ta shiga ɗaki ta ɗauko nata rishon, ta jona, ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Kawo nan, Inna. Wanga ya san ta."

Ƙarfe ya yi ja, ba a jima ba ruwa ya fara tafasa. Inna ta ɗauki muciya tana dariya tana hawaye. Rahinatu kuwa ta sulale waje, wai za ta amsa waya.

Muktari ya daɗe yana kallon matarsa. Ya matso, ya rage murya.

"Kin sani tun a butik?"

Ta gyaɗa kai.

"Don mi ba ki hwaɗa mini ba?"

"Da ta kai kunnen Inna."

Namiji guda, sai ga idonsa ya kawo ruwa a gaban dangi. "Ki yahe mini, Haula. Ni na zaɓi abin da mutane za su gani, ke kin zaɓi uwata."

To, 'yan'uwa, kafin ka yi fushi da wanda ke son ka, ka bari ka ji dalilinsa, don wani shirun rufin asirinka ne ake yi. Haula ta yi haƙuri, mijinta ya dawo mata da zuciya ɗaya, kuma daga ranar ko a gaban wa Inna ba ta ƙara ce mata suruka ba, sai "ɗiyata".